Neman Fuskar Mai Dutse

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma abokina, wanda duk layinmu ya sani da Mai Dutse, bayan ya sha fama da ciwon ƙirji. Ina cikin wasa aska a shago sai ga 'yarsa Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ba sallama, ba kuka, ta ce, "Kawu, Baba ya tafi." Ni kuwa don tsabar ruɗewa sai na ce mata, "Ya tafi ina? Bakin rafi?" Abin da na saba ke nan: in aka ce ya tafi, to ya tura baro ya nufi rafi neman duwatsu. Sai da yarinyar ta durƙushe a gaban kujerar aski sannan na gane abin da take faɗa.

Mutumina, tun ranar kaina bai dawo daidai ba. An ce ni zan rubuta maka ta'aziyya domin na fi kowa daɗewa da kai, na ɗauki biro na ajiye ba adadi. Ba abin faɗa na rasa ba. Ka bar mini wani aiki ne da ban san kansa ba, ban san gindinsa ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban tabbata na gane nufinka ba. Zan faɗi yadda aka yi, wanda ya fi ni fahimta ya warware mini.

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da tsakar gidanka. Lokacin da na kama shagon, kai mai fasa wa magina dutse ne kawai, ka fita da sassafe ka dawo fari fat da ƙura, sai idanu. A wajen wannan aikin ne dutse ya guntule maka ƙaramin yatsan hannun hagu. Na sha tsokanarka cewa da gangan ka yi don ka rage wa kanka wahalar yankan farce, kai kuma ka ce mai aski da surutu kamar ƙaho da tsotso ne, ba a raba su. Ba ka da yawan magana, ni kuma ba ni da yawan shiru, haka muka yi ta zama har gashin kanmu ya yi fari, ni nake aske naka, nawa kuwa ya zube da kansa.

Ba don sha'awa ka fara sassaƙa ba, ba kuma don sayarwa ba. Idanun uwargidanka ne suka fara dishi-dishi, asibiti suka yi iya yinsu, daga ƙarshe suka rufe gaba ɗaya. Daga nan ka zama ɗan jagoranta. Duk inda za ta, kasuwa ko asibiti ko gidan 'yan'uwa, hannunta na cikin hannunka na hagu, na dama kuma yana ɗauke da kaya. Ka bi layinmu ƙofa ƙofa ka dasa dutse a gaban kowane gida, wani mai kaushi, wani mai santsi, wani mai tudu, don ƙafarta ta riƙa gaya mata inda ta iso. Masu gidajen da suka fara gunaguni su ne suka fi godiya da damina ta zo, don duwatsun nan ne suka raba mu da taɓo.

Sai aka haifa wa babban ɗanku ɗa a can inda yake aiki, aka turo hoto ta waya, 'yan'uwa suka taru ana miƙa wa juna. Wannan ta ce hancin kakansa ne, wancan ya ce goshin uwarsa ne. Uwargida tana gefe, ta ce, "Kowa ya gani, ni an bar ni da jin labari." Washegari na fara jin wani irin ƙwanƙwasa ta bayan bango, ba irin dukan fasa dutse ba, a hankali, kamar mai neman izinin shiga. Da ka gama ka kai mata, ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "Baban yara, wannan jika ne ko ɗan maraƙi?" Dariyar da na yi ranar har sai da na kusa yanke wa wani kunne. Kai kuwa ka ɗauki wani dutsen ka sake, ka kuma sakewa, har ranar da ta riƙe dutsen a ƙirji ta ƙi sakinsa.

Daga nan abu ya zame maka jiki. 'Ya'ya, jikoki, surukai, maƙwabta, duk wanda ta ce tana so ta san yadda ya koma, sai ka fito mata da shi daga dutse. Ba ka taɓa sayen dutse yankakke ba. Na rafi kake so, ko na gefen hanya, yadda Allah Ya yi shi, mai zubin kai. Ka jiƙa shi da ruwa, ka juya shi nan, ka juya shi can, wani lokaci ka wuni kana kallonsa kamar yana bin ka magana. Kuma kana da wata ɗabi'a da na sha yi maka dariya a kanta: kafin ka taɓa gaban dutse, sai ka fara ƙwaƙule bayansa, ka yi wa yatsunka na hagu gurbin riƙo. Na ce maka mutane daga goshi suke fara fuska, kai daga ƙeya. Ka ce, "Abin da ba ka riƙe da kyau ba, tsere maka zai yi." Daga nan sai guduma da ƙarfen sassaƙa, sai magagari, sai goga da yashi har dutsen ya yi laushin da ba zai ji wa yatsunta ciwo ba.

Shagona ka mayar makaranta. Ka zo ka zauna a benci ka zuba wa masu aski ido ta madubi, har mutum ya tsargu ya fara taɓa hancinsa. Akwai direban da ka ce wa, "Don Allah ɗan'uwa, in ɗan taɓa haɓarka?" Mutumin ya tashi da rabin aski, bai sake dawowa ba har yau. Da na yi maka ƙorafi ka kawo mini tawa fuskar don ban haƙuri, da kunnuwa kamar na tulu. Na ce wannan ba ni ba ne. Uwargida ta shafa ta ce ni ne sak, har surutun ta ji. Da fuskar nan nake tare ƙofar shago don kada iska ta rufe ta.

Ba zan manta alherin da ka yi wa mai shayin bakin layi ba. Da ɗansa ya rasu, ba shi da ko hoto ɗaya na kirki. Ka zauna da shi yana kwatanta maka, kana gyarawa, yana cewa a'a, kana sakewa, ba ka ƙosa ba, ba ka kuma karɓi ko kofin shayi a kai ba. Ranar da ya karɓa bai iya yi maka godiya ba, sai da ya zo shagona ya zauna ya yi kukansa ya tashi. Haka kake, ka yi abu ka sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi.

Ba kowa ne ya yarda da aikin nan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Yayanka mutum ne mai tsantseni, ya sha zaunar da kai ya ce yin surar mutum abu ne mai nauyi a kan mai yinsa. Ba ka taɓa yi masa gardama ba. Abin da kawai ka ce shi ne, "Yaya, ni ba don a kalla nake yi ba, don a shafa ne." Kuma ko ɗaya daga cikin fuskokin nan ba ka yi wa ido ba, wurin idon sumul kake barinsa. Ni mai aski ne, ba malami ba. Na bar wa masu sani wannan magana, ina dai roƙon Allah Ya dubi niyyarka.

Dutse ɗaya ne ba ka taɓa gamawa ba, shi ne fuskar uwargida da kanta. Shekara da shekaru yana kan gwiwarka, ka ƙara masa layi a goshi, ka rage kumatu, ka ce ai ta sake canjawa. Dutsen da ya fara kamar ƙwarya har ya koma bai fi cikin hannu biyu ba. Ita ko sau ɗaya ba ta nemi ta shafa shi ba. Takan ce me za ta yi da fuskar da take wankewa kullum.

To, ga inda kaina ya kulle. Bayan an yi maka sutura, jama'a sun ragu, babban ɗanku ya ce zai ɗauke mahaifiyarsa ta koma wurinsa, kuma gaskiyarsa ce, ba wanda zai ja hannunta a nan. Amma a saman bene yake zaune, ɗakin da za ta shiga ƙarami ne, duwatsun nan kuwa sun cika tsakar gida, wasu a kan katanga, wasu a gindin bishiya, wasu a ƙarƙashin gado. Ya ce ɗaya za ta iya ɗauka. Sai ta aika Auta ta kira ni.

Na same ta a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, a buɗe, kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Ta ce, "Mai aski, kafin ya cika na ce masa ya yi mini kowa bai yi mini kansa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, yana nan a tsakar gida. Ni na shafa na shafa ban same shi ba. Kai ne hannunka ya san fuskarsa. Nemo mini shi, shi zan tafi da shi."

Na ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi. Wa ya kai ni sanin fuskarka? Ni da na tsufa ina riƙe da haɓarka, na san tabon da ke ƙarƙashinta, na san inda gashinka ke juyawa a bayan kunne, na san wurin da aska ke tuntuɓe in ban yi hankali ba. Na fita tsakar gida da ƙarfin gwiwa, na fara bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Abokina, ban same ka ba. Wannan yana da goshinka amma bakin na telan ƙarshen layi ne. Wancan haɓarka ce sak amma kumatun na mace ne. Kama da wane ba ta wane. Babban ɗanka ya nuna wani dogo ya rantse kai ne. Auta ta ce ina, wannan ai mijin gwaggonsu ne, ta ɗauko wani daban. Yayanka, wanda bai taɓa yarda ya dube su ba, shi ma ya matso, ya tsaya a gaban wani ya daɗe, sannan ya ce wannan ba kai ba ne, mahaifinku ne, ya juya ya fita yana share fuska da hannun riga. Sai na ce bari in yi yadda take yi. Na rufe ido na riƙa shafawa. Nan ne tsoro ya kama ni, domin da na nemi fuskarka a cikin kaina sai na tarar ba ta nan. Tabon yana nan, kunnen yana nan, furfurar tana nan, amma sun ƙi haɗuwa wuri ɗaya. Na duba hotunan da ke wayoyin yara, duk a sunkuye kake, kana aiki, tsakar kanka kawai ake gani. Na koma shago na zauna a kujerar da kake zama, na dubi madubi ko zai tuna mini, ban ga kowa ba sai wani tsoho mai manyan kunnuwa.

Da lokacin tafiya ya matso, motar kaya tana jira a bakin layi, ɗanka ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, don Allah ka zaɓi ɗaya kawai ka ba ta. In kai ka faɗa za ta yarda." Gaba kura, baya sayaki. In na ce babu, na mayar da kai maƙaryaci a kan gadon mutuwa, kai da ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. In na ba ta wani, na cuci makauniya. Na ɗauki wanda ya fi kama da kai na kai mata. Ta bi goshin da yatsa, ta sauko hanci, ta ce, "Mai aski, kai ma? Wannan ai mai shayi ne." Kunya ta hana ni ɗaga kai, duk da na san ba ta ganina.

Ta ce a kawo mata su duka ta sake bi. Muka yi ta ɗaukowa muna ɗora mata a cinya, tana shafawa tana kiran mai shi, muna ɗaukewa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ba ta kira ka ba. Saura ɗaya, ɗan ƙaramin nan na gefen kujerarka, fuskarta. Na ce mata wannan nata ne, ba sai an kawo ba. Ta ce in kawo, tunda an zo ƙarshe. Na gaji, idona ya cika da ruwa, sai na miƙa mata shi a kife, fuskar tana kallon cinyarta, bayan yana sama.

Yatsunta suka sauka cikin gurbin nan da kake ƙwaƙulewa. Na buɗe baki zan ce ta yi haƙuri in juya mata, sai na ga ta tsaya cak. Ta zura yatsa ɗaya, ta zura na biyu, na uku, dogayen ramuka da suka fi ƙarfin yatsunta. Da ta kai na ƙarshe sai ya tsaya a rabi, gajere, daidai inda dutse ya guntule maka. Wurin ya yi santsi, ya yi baƙi don gumin shekaru. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da mu take ba, "Ashe nan ka ɓuya."

Sai a lokacin na lura da abin da ya kasance a gabana tsawon zamanmu. Duk dutsen da ka kai mata, kai kake riƙe mata shi tana shafa gaban, hannunka yana baya ya rufe gurbin. Bayan rasuwarka ma da ta bi su tana nema, fuska take nema, ba ta juya ko ɗaya ba. Ta ce mini, "Fuskarsa ai sau nawa na taɓa ta? Kunya ba ta bari. Hannun nan na sani, shi ya kai ni ko'ina." Ɗanta ya ce to wanne za a sa a mota, tunda duka suna da gurbin? Ta ce wannan, kuma ba a mota ba, a hannunta zai tafi. Haka ta fita daga layinmu, Auta na riƙe da gwiwar hannunta, ƙafarta na taka duwatsun da ka dasa mata, tana yi wa kowane gida sallama daidai ƙofarsa.

Yanzu ka gaya mini, mutumina, abin da ka nufa ke nan? Ko kuwa ka yi niyyar sassaƙa mata fuskarka ne ajali ya riga ka, ka faɗa mata maganar don ta samu barci? Ko akwai wani dutse da ka ɓoye wanda har yau ba mu gano ba? Ko ita ce ta ji tausayinmu, ta ga mun gaji, ta sama mana mafita? Na juya maganar nan ta kowane gefe kamar yadda kake juya dutse, ban ga inda zan kama ba. Da ma kai ba ka saba yi wa mutum bayani ba, sai ka bar shi da tambaya ka ci gaba da ƙwanƙwasa.

Sauran duwatsun an raba wa masu su, kowa ya zo ya ɗauki kansa. Yayanka ya ɗauki na mahaifinku ya tafi da shi, mu kuwa ba mu tambaye shi ba. Bayan bango ya yi tsit, kuma shirun nan ya fi ƙarar gudumarka damuna. Fuskarka har yau ba ta dawo mini ba, ina jin zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Jiya da safe da na zo buɗe shago na sunkuya zan gyara dutsen da ke tare ƙofa, mai kunnuwan nan da na raina, sai na juya shi na sa hannuna a baya. Yatsuna uku suka shige, na huɗun ya tokare a rabi. Na ɗauke shi daga ƙasa na goge shi na ɗora a gaban madubi, ƙofar kuwa tun jiya iska ke ta bugunta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida, da babban ɗansa da iyalinsa, da Auta, da yayansa, da jikoki, da duk mutanen layinmu da suka wayi gari babu shi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya sanyaya zukatanku, Ya albarkaci abin da ya bari. Shi kuma Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ya Ubangiji, bawanKa ne da bai taɓa sakin hannun da aka damƙa masa ba, kada Ka bar shi ba jagora a inda ya tafi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.